Gida Mai Lamba 44 a Titin Cleveland

A bakin wata tsohuwa na fara jin labarin gidan aiki, wato gidan da hukuma ke tsugunar da matalauta tana sa su aiki a Ingila ta da. Lokacin ina aikin jinya na dare a sashen tsofaffi na wani asibiti a Landan, shekarata ta biyu da baro Zariya. Tsohuwar ta haura casa'in, ƙwaƙwalwarta ta fara rikicewa, wani lokaci ta gane ɗiyarta, wani lokaci ta ɗauke ta baƙuwa. Da asuba muka zo za mu mayar da ita wani ɗaki, sai ta cafke tsintsiyar hannuna da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba, tana roƙona kada in kai ta "gidan". Ta yi ta nanatawa, wai za ta yi shiru, ba za ta ƙara damun kowa ba. Na tambayi abokiyar aikina wane gida ne wannan. Ta ce gidan aikin matalauta take nufi, tsofaffin wannan tsara duk da tsoronsa suka tashi. Na ce ai na ɗauka abin ƙarni biyu da suka wuce ne. Ta ce sai a 1930 aka rushe hukumomin da ke tafiyar da su, kuma gine-ginen ba su je ko'ina ba, da yawansu asibitoci suka koma.

Maganar ta tsaya mini a rai, amma da ba don wani dattijo ba, da nan ta ƙare.

A masallacin titin Goodge muka haɗu bayan sallar Juma'a, cikin kakar 2013. Ina waya da ƙanena ina ɗaure igiyar takalmi, sai na ji an ce a bayana, "Ɗan Arewa, sannu da sanyi." Mutumin zangon Kumasi ne, ya yi shekaru masu yawa a Ingila yana aikin gadi. Hausarsa irin ta Gana ce wadda ba ruwanta da bambanta namiji da mace, sai ka ji ya ce "matata ya ce in gaishe ka". Baba nake kiransa, shi kuma ya ce mini ɗana. Da hira ta yi hira na tambaye shi inda yake gadi, ya nuna da baki wajen yamma, ya ce wani tsohon asibiti ne da aka rufe, babu kowa ciki sai shi da tattabaru da matattu. Na yi dariya. Bai yi ba.

Mako uku aka ɗauka kafin ogansa ya yarda in shiga, bisa sharaɗin in sa hannu a takarda, in ɗora hular kwano, kuma kada in taka inda Baba bai taka ba.

Ranar wata Talata ce da hantsi. Na sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Goodge Street, na bi ta cikin unguwar da suke kira Fitzrovia, wurin shagunan shayi da ofisoshin masu talla, inda kofi ɗaya ya fi kuɗin cefanen wani gidan a Tudun Wada. Hasumiyar BT na tsaye a saman kaina kamar ƙatuwar taɓarya. Da ba a kwatanta mini ba da na wuce ginin, mai lamba 44 a titin Cleveland, ban kula ba. Bulo ne mai duhu da hayaƙin shekaru ya rina, hawa huɗu, ya ɗan ja baya daga bakin titi, tagoginsa a jere babu ado ko ɗaya. An fara gina shi a 1775 a matsayin gidan aiki don matalautan unguwar Covent Garden, a kan filin da a lokacin yake bakin gari. Wato ya girmi jihadin Shehu Usmanu da kusan shekara talatin. Na tsaya a tsallaken titi ina wannan lissafi har Baba ya hango ni ya ɗaga hannu.

A saman ƙofar shiga, a zamanin da, akwai sassaƙen wani tsoho yana nuni da rubutu, rubutun na gargaɗin mutane su guji lalaci da shaye-shaye. Babu shi yanzu. Amma na yi ta tunanin wanda ake wa wannan wa'azi: tsohuwar da mijinta ya mutu, makaho, yarinyar da aka yi wa ciki aka gudu, lebura da tsani ya karye da shi. Kafin ka sa ƙafa a ciki an riga an gaya maka laifinka ne.

Kuma ba kuskure aka yi ba, da gangan ne. A 1834 majalisar Ingila ta yi sabuwar dokar matalauta, wadda ruhinta shi ne duk mai neman taimakon hukuma, in dai yana da ƙarfin aiki, ya shiga gidan aiki ya zauna, kuma dole rayuwar ciki ta fi ta mafi talaucin lebura na waje ɗaci, don kada kowa ya yi sha'awar shiga. A 1836 wannan gida ya zama na haɗakar unguwannin Strand a ƙarƙashin sabuwar dokar. Idan iyali suka shigo, a bakin ƙofa ake raba su, miji gefe guda, mata gefe guda, 'ya'ya wani sashen. A karɓe tufafinka a ba ka rigar gida. Aikin da aka saba bayarwa a irin waɗannan gidaje shi ne fasa duwatsu, ko warware tsohuwar igiyar jiragen ruwa mai kwalta da yatsu har su yi jini. Mu a gida muna da sunan abin da mutum ke yi in ya ba ka sannan ya bi ka da wulaƙanci, gori muke ce masa, kuma tun muna allo aka koya mana yana ɓata sadaka. To a nan gori ne aka zauna a majalisa aka rubuta, aka ware masa kuɗi, aka ɗauko magina.

Baba ya buɗe kwaɗo, muka shiga. Warin ne ya fara tarbata: danshi, funfuna, kashin tattabara, sai kuma can ƙasa wani ɗan ƙamshi da hancina ya sani, na maganin wanke daɓen asibiti, wanda ya ƙi barin wurin shekara takwas bayan an daina shara. Fenti ya yi ta ɓarewa daga bango yana naɗewa kamar busasshen ganyen kuka, kuma a inda ya ɓare sosai kana ganin launi a kan launi, fari a kan ruwan madara, ruwan madara a kan kore, kore a kan wani ruwan ƙasa mai kama da miyar da ta kwana. Allunan kwatance na nan rataye, kibiya na nuna hanyar ɗakin da babu kowa. A wani lungu na ga sandar rataya ƙarin ruwa a jingine, ƙafarta ɗaya ta fita. Ban san lokacin da na miƙa hannu na tsayar da ita daidai ba. Baba ya dube ni ya ce, "Ɗana, aiki ya bi jikinka."

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda wurin ya yi kama da inda nake aiki. Na shigo ina zaton zan ga kurkuku, sai na tarar da asibiti na yau da kullum, da kantar karɓar kati da kujerun jira da aka ɗaure da juna. Tun cikin shekarun 1920 asibitin Middlesex, wanda ke ƙasan titin kaɗan, ya karɓi ginin, ya zama sashen masu zuwa ganin likita su koma gida, har zuwa 2005 da aka rufe Middlesex ɗin gaba ɗaya. Shi babban asibitin an rushe shi a 2008, ɗan ƙaramin cocinsa kawai aka bari. Wato akwai mutanen da suka zauna a kan kujerun nan suna jiran a kira lambarsu, ba su san a ɗakin da kakanninsu suka fi tsoro a duniya suke zaune ba. Wasu kuma sun sani. Tun 1904 aka daina rubuta sunan gidan aiki a takardar haihuwar yaron da aka haifa a ciki, sai a sa lambar gida da sunan titi kawai, don kada abin ya bi shi har tsufa.

Muka leƙa matakalar da ke gangarawa ƙasa, Baba ya haska da tocila, ruwa ya kwanta a can. Ya ce nan ba ma shiga. Na ji daɗin haka, ban dai faɗa ba.

Daga nan muka fita tsakar gida, kuma a nan ne labarin wurin ya fi kama ni, domin a nan wani likita mai suna Joseph Rogers ya yi shekara goma sha biyu yana faɗa. A 1856 aka ɗauke shi likitan gidan a kan fam 50 a shekara, kuma daga cikin wannan kuɗi ne zai sayi duk maganin da zai ba marasa lafiya. Ka duba dabarar: duk ƙwayar da ya bayar daga tuwon gidansa ta fita. Duk wanda ya yi aiki a asibitin da ake rubuta wa majiyyaci takarda ya je kemis ya sayo har safar hannu zai gane irin wannan tsarin, sai dai nan an juya shi a kan likita. Abin da Rogers ya tarar ya rubuta shi daga baya da hannunsa. A wannan tsakar gida ake kaɗe dardumai. Masu kula da gidan sun mayar da shi sana'a, ana kwaso dardumai daga gidajen masu hali, maza na gidan su wuni suna jibgarsu da sanduna, kuɗin ya shiga asusun hukuma, ƙurar kuma ta tashi ta shiga tagogin ɗakunan da masu ciwon ƙirji ke kwance. In an buɗe taga ƙura, in an rufe zafi da wari. Wurin wanki yana ƙarƙashin ƙasa, tururinsa na hawa sama. Ɗakin ajiye gawa da shagon kafinta suna nan cikin harabar, kusa da inda majiyyata ke kwance.

Ma'aikatan jinya kuwa babu su. Tsofaffin mata ne daga cikin mazauna gidan ake ɗora wa aikin, wasu ba su iya karanta abin da ke jikin kwalbar magani ba, ladansu kuma sau da yawa giya ce. Ban iya jin haushinsu ba. Na san yadda dare ke yi wa mutum mai ƙuruciya da horo da albashi, balle tsohuwar da ita ma jinyar take bukata. Matan da suka haihu ba aure kuma, ƙa'idar gidan ita ce kwana tara ba a ba su komai sai kunu tsararo, wai don ya zama izina. Na tuna yadda ake yi wa mai jego a gidanmu, kunun kanwa da gasasshen nama da ruwan zafi har kwana arba'in, kowa na rige-rigen ta ci. Rogers ya yi ta kai ƙorafi har aka canza wannan ƙa'ida. Sarkin gidan a lokacin, wani tsohon ɗan sanda mai suna George Catch, ya tsaya masa a wuya shekara da shekaru.

Amma akwai abin da masu dokar 1834 ba su lissafa ba. Sun gina tsarinsu ne don su razana ƙato mai lafiya da ya ƙi aiki. Ƙaton bai zo ba, domin duk mai ƙafar gudu ya gudu. Waɗanda suka cika gidan su ne waɗanda ba su da zaɓi, tsofaffi da guragu da masu tarin fuka da masu taɓin hankali da jarirai. A tsakiyar shekarun 1860 mazauna wannan gida sun haura 500, gadajen ba su kai 350 ba, kuma mafi yawansu marasa lafiya ne ko gajiyayyu. Gidan horo ya wayi gari ya zama asibiti ba tare da kowa ya shirya masa ba, ana ta hukunta majiyyata da dokar da aka yi don malalata. A 1865 mujallar likitoci ta Lancet ta tura masu bincike gidajen aikin Landan ta buga abin da suka gani. A 1866 aka yi bincike na hukuma a kan wannan gidan, Rogers ya ba da shaida a kan iyayen gidansa. A 1867 majalisa ta yi dokar da ta fara raba marasa lafiya daga gidajen aikin Landan, a gina musu asibitocinsu. A 1868 masu kula da gidan suka raba Rogers da aikinsa.

Na ba Baba wannan labari muna tsaye. Ya gyaɗa kai ya ce shi bai ga abin mamaki ba, a ko'ina mai faɗin gaskiya jakarsa a ɗaure take.

Dogayen ɗakunan kwanciya biyu da ke baya su ne abin da wannan faɗan ya haifar. A shekarun 1870 aka ƙara su, bayan an kwashe masu lafiya an mayar da wurin asibitin matalauta zalla. An gina su a kan tsarin da shahararriyar ma'aikaciyar jinya Florence Nightingale ta yi ta kira a bi: ɗaki dogo, tagogi manya suna kallon juna ta ɓangarori biyu don iska ta ratsa, gado a tsakanin kowace taga biyu. Mun hau ɗaya daga ciki. An yayyanka shi da katako a zamanin baya an yi ƙananan ofisoshi, amma a inda katakon ya zube kana ganin tsawonsa na asali, da hasken da ke shigowa ta hagu da dama. Ban taɓa zaton zan ce wani sashe na wurin nan yana da kyau ba, amma wannan yana da kyau. Tsakaninsa da inda ake kaɗe dardumai bai fi taku talatin ba.

Da muka sauko, Baba ya ja ni can ƙarshen harabar, wani fili da aka shimfiɗa wa kwalta, ciyawa ta fasa ta ta fito. Ya rage murya. Ya ce nan ne matattun da ya gaya mini. Maƙabartar matalautan unguwar ce tun ƙarshen ƙarni na 18, aka rufe ta a 1853, daga baya aka yi gini a kan wani sashe, aka rufe sauran. Babu dutse ko ɗaya mai suna. Kuma waɗanda suka samu shiga ƙasa nan ma sun yi sa'a, domin dokar 1832 ta halatta a miƙa gawar duk wanda ya mutu a gidan aiki, in ba wanda ya zo karɓarta, ga makarantun likitoci su feɗe don koyo. Makarantar likitocin Middlesex kuwa a kurkusa take a wancan zamani. A da gawar masu kisan kai da aka rataye ake yi wa haka. A nan na gane tsohuwata. Ashe ba yunwa kaɗai take tsoro ba.

Baba ya ce duk dare in ya zo zagaye nan, sai ya tsaya ya yi musu sallama. Na ce, "Baba, ai ba Musulmi ba ne." Ya ce, "Na sani, ɗana. To in wuce mutane ban ce komai ba?"

Muka koma ɗakinsa na gadi, ya jona buta ya haɗa mana shayi. Kwalin ganyen na Twinings ne, na kuwa yi dariya har ya tambaye ni dalili. Ɗiyar wannan gida na masu shayi, Louisa Twining, ta zo nan a 1853 duba wata tsohuwa da ta sani, abin da ta gani ya sa ta kafa ƙungiyar masu ziyartar gidajen aiki bayan shekara biyar. Baba ya juya kwalin yana kallo, ya ce to ashe da 'yar gida muke shan shayi. Ya ƙara mini sukari ba tare da ya tambaye ni ba.

Da na fito na gangara titin zuwa lamba 22, wani gida na kusurwa da aka liƙa wa shuɗin allon tunawa a wannan shekarar. Nan marubuci Charles Dickens ya zauna sau biyu, yana ƙaramin yaro da kuma yana saurayi, lokacin ana kiran wurin titin Norfolk. Ƙofa tara ce tsakaninsa da gidan aikin. Wata masaniyar tarihi, Ruth Richardson, ita ta gano haka a daidai lokacin da ake shirin rushe ginin, kuma saboda ana ganin nan ne ya samo gidan aikin da ke cikin littafinsa Oliver Twist, gwamnati ta sa ginin gaba cikin jerin waɗanda doka ta hana rushewa a 2011. Na ji daɗi da aka bar shi, amma abin ya ɗan sosa mini rai. Dubban mutanen da suka rayu suka mutu a ciki ba su isa su tsayar da katafila ba, sai da aka ce wani mashahuri ya taɓa wucewa ta ƙofar.

Shekaru bayan haka na sake bi ta titin a kan hanyata ta zuwa wani taro. An kewaye wurin da allunan 'yan kwangila. Dogayen ɗakunan nan masu haske an rushe su, domin kariyar doka ba ta kai kansu ba. Masu haƙar tarihi sun tone maƙabartar sun kwashe ƙasusuwan da suka samu. Ginin gaba kuma ana gyara shi ya zama gidajen kwana na sayarwa. Na tambayi matashin da ke gadi a ƙofar ko ya san wani dattijo ɗan Gana da ya taɓa aiki a nan. Ya cire abin sauraro daga kunne ɗaya, ya ce shi wata biyu ke nan da fara aiki.